Maganin Olsar Da Na Kai Wa Surukina Dandin Mahe

Tun da na dawo daga ƙasar Sakkwato abokaina na majalisa suka sa ni gaba da tambaya. Yaya hanya, yaya surukai, me na gani. Kullum amsata ɗaya ce, lafiya lau. Suka ce ba a yin kwana goma sha ɗaya a gidan surukai a dawo da kalma biyu. Shi ya sa na zauna na rubuta, duk wanda ya sake tambaya in miƙa masa ya karanta.

Sunana Nasiru, ina koyar da labarin ƙasa a wata sakandare a nan Kano. Matata Hadiza 'yar Dandin Mahe ce, a ƙaramar hukumar Shagari. Sau ɗaya na taɓa zuwa garinsu, ranar ɗaurin aurenmu, kuma ranar kaina a sunkuye yake, don haka takalman mutanen garin kawai na sani.

Asalin tafiyar daga cikina ta fara. Na yi shekara biyu ina fama da ƙwannafi, da na ci abinci sai wuta ta taso daga ciki har maƙogwaro. Na sha omefirazol har na haddace kwalinsa, sauƙin bai taka kara ya karya ba. Daga baya likitana ya canza mini wani sabon magani mai suna bonofirazan, ya ce a Japan aka fara yin sa. Ranar da na fara sha na ci ɗanwake da yaji, na zauna ina jiran wutar, ba ta zo ba. Hadiza tana kallona. Mahaifinta ya yi shekara uku yana ciwon ciki, ita kuma tana da cikin wata takwas, ba halin tafiya.

Ta ce, "Tunda ya yi maka aiki, zai yi wa Baba."

Na ce, "Ai sai likita ya gan shi."

Ta ce, "Ciki ai ciki ne."

Ban iya gardama da mai cikin wata takwas a kan maganar ciki ba. Na sayi kwali ɗaya a kemis, na haɗa da yadi da turare da goro, na kama hanya bayan sallar asuba.

Hanyar Funtuwa zuwa Gusau ba ni da abin faɗa a kanta sai shingaye. Ina ta lissafa su har na ɓace, wani ɗan kasuwar albasa da ke kusa da ni ya ce in daina wahalar da kaina, ƙaruwa suke yi. A taswirar da nake zana wa ɗalibaina akwai layi tsakanin jiha da jiha. A ƙasa ban ga layi ba. Na dai san mun shiga wata duniya a Talatar Mafara, inda wata mai tallar fura ta leƙo ta taga ta ce da ni, "Mi kaka so? Hura ko nono?" Daga nan har na dawo ban sake jin harafin fa a bakin kowa ba.

Na kwana a Sakkwato gidan wani abokin karatuna, da safe na shiga bas ta Bodinga. Kujerar mutum uku mutum huɗu ne, na biyar buhun albasa. Da muka zo Sifawa direba ya rage gudu ba tare da kowa ya ce masa ba, wata tsohuwa ta ɗaga hannu tana yi wa Shehu Mujaddadi addu'a, don ya taɓa zama a garin, duk motar ta amsa da amin. Na yi shekara tara ina rubuta sunan garin a allo, ban taɓa tunanin yana da masu sayar da rake ba. A Bodinga na canza mota zuwa Shagari, daga can ɗan babur ya ƙarasa da ni Dandin Mahe.

Mu a Kano gaisuwa uku ce, ta huɗu an shiga magana. Can kuwa na durƙusa gaban surukina, Alhaji Altine, aka tambaye ni gajiya, da gida, da iyali, da mutanen Kano, da rana, da hanya, aka sake komawa kan gajiya. Kafin a gama ƙafafuna sun mutu, sai da na dafa bango na tashi. Amma a durƙuson nan na ƙare masa kallo ta ƙasan ido, kuma abin da na gani bai yi mini daɗi ba. Mutumin da na sani ƙato ne, mai shanu, wanda muryarsa ke cika zaure. Yanzu rigarsa ta yi masa yawa, hannunsa na dama kuma a dafe yake a ƙasan ƙirji, kamar mai tsaron kada wani abu ya faɗo.

Aka sauke ni a ɗakin da ke gefen zaure, ni da buhunan gero. Surukata, Inna, ta aiko da fura a ƙwaryar da ta isa mutum biyar, sai tuwon dawa da miyar sure, sai wani abu mai kama da waina amma ya fi ta tauri da tsami, wai shi hoce. Ni kaɗai na ci. A can suruki ba ya cin abinci a gaban suruki, ba ya ma nuna alamar yana da baki. Inna kuwa duk zamana ban ga fuskarta ba. Ta bayan zana muke magana, kuma ba ta taɓa kama sunana ba, Malam take ce mini, haka shi ma Baba.

Da la'asar na kai tsaraba. Ya karɓi yadi, ya karɓi turare, ya yi murna da goro. Da na miƙa kwalin magani da bayanin da na shirya tun daga Gusau, sai ya juya shi gaba da baya, ya ajiye a gabana.

"An gode, Malam. Amma ciwon ga ba na assibiti ba na."

Washegari da hantsi, bayan ya fita duba shanu, Inna ta yi gyaran murya ta bayan zana ta ba ni labari. Baba yana da ƙane, Baffa Ladan, katanga ɗaya ce tsakanin gidajensu. Shekara uku da suka wuce sun ɗan yi sa-in-sa a kan wata fadama da mahaifinsu ya bari. Ana cikin haka aka yi suna a gidan Ladan, Baba ya je ya sha fura, a ranar cikinsa ya murɗa. Tun daga nan ya sa a ransa cewa wani abu aka ba shi. Bai faɗa wa kowa ba sai ita, amma bai sake taka gidan ƙanensa ba, ko a masallaci sahu daban suke tsayawa.

"Azumi biyu ke nan bai samu kammalawa ba," in ji ta. "Kuma, Malam, ka yi haƙuri da abin da za ni hwaɗi. Kwanan baya bayan gidanai baƙi ƙirin ya koma, awa kwalta. Ran nan jiri ya kada shi cikin garke."

Ni ba likita ba ne, amma na san wannan ba maganar kwali ɗaya ba ce. Na fita bayan gari inda ake samun sabis na kira Hadiza. Ta yi kuka, sannan ta ce in kai wa Baba wayar. Na same shi a garke nan bayan garin na ba shi. Ban so jin abin da suke faɗa ba, amma wayata ba ta da sirri. Na ji ta koma harshen garinsu tana cewa, "Wallahi Baba, ba ni haihuwa sai ka tai assibiti." Ya miƙo mini wayar ya ce gobe za mu Bodinga, don kada a ɗora masa alhakin jika.

Likitar da muka samu a Bodinga mace ce, ba ta wuce sa'ar Hadiza ba. Ta gaishe shi yadda ya kamata, ta duba idonsa da tafin hannunsa, ta danna masa ciki, ta ce jininsa ya yi ƙasa. Sannan ta tambaye shi ko yana shan wani magani. Ya ce a'a. Ta ce ko na gajiya? Ya ce ai wannan ba magani ba ne. Ya sa hannu a aljihu ya fito da ƙullin leda cike da ƙwayoyi ja da fari da ruwan ɗorawa, haɗin da yake saye ranar kasuwa saboda gwiwa. Kullum da safe yake watsa su kafin ya sa komai a baki, ya bi da goro.

Ta zuba su a tafin hannunta tana ware su da biro. Ta ce, "Baba, uku daga cikin waɗannan cin bangon ciki suke yi. Omefirazol fa, an taɓa ba ka?"

Ya ce an ba shi, yana sha in ciwon ya taso, bayan ya ci abinci. Bai ga amfaninsa ba, ya fi wata guda da jefar da shi.

A nan na ga lokacina ya yi. Na fito da kwalina na ajiye a kan tebur. Ta ɗauka ta karanta, ta dube ni.

"Wa ya rubuta masa wannan?"

Na ce, "Matata."

"Likita ce?"

Na ce, "Ɗinki take yi."

Ba ta yi dariya ba. Ta ce maganin mai kyau ne, kuma wataƙila shi za a ba shi a ƙarshe. Tsohon maganin da ya jefar ma ba na banza ba ne, shan sa ne aka yi ba daidai ba: ana shan sa kamar rabin awa kafin karin kumallo, kullum, kuma sai ya yi kwanaki kafin ƙarfinsa ya cika. Sabon kuwa tun ranar farko yake rage tsamin ciki, ko an ci abinci ko ba a ci ba, kuma yana riƙewa har washegari. Amma akwai wata ƙwayar cuta da ke zama a ciki tana haddasa gyambo, dole a fara gwada ko yana da ita, kuma duk mai shan irin waɗannan magungunan gwajin na iya nuna babu alhali akwai.

"Da ya sha wannan shekaranjiya, da kun ɓata mana gwajin, kun kuma rufe mana ciwon ba mu san me ke ƙasa ba."

Baba ya juyo ya dube ni ido cikin ido, karo na farko tun da na auri 'yarsa. Na mayar da kwalin aljihu.

Ta rubuta mana takardar zuwa Sakkwato jibi, a leƙa cikin da na'ura. Sannan ta ɗauko wata 'yar kwalbar roba mai murfi ta yi bayanin abin da ake so a sa a ciki gobe da safe. Baba ya ɗaga kai yana nazarin silin. Ta sake bayani. Ya ci gaba da nazari. Ta ƙara da cewa shi ya huta a gida saboda jirin, wani ya kawo. A ɗakin mu uku ne, kuma ita tana bakin aiki.

Da safe na buɗe ƙofar ɗakina na tarar da baƙar leda a rataye a jikin ƙusa. Leda uku ce, wata cikin wata, an naɗe da sabon hankici. Gidan tsit, ko kaji sun ba ni wuri. Na ɗauka na kama hanya.

Tsakanin Shagari da Bodinga aka tsayar da motarmu a wani shinge. Jami'in ya leƙo yana duba fuskoki, sai idonsa ya sauka a kan yadda na riƙe ledar da yatsu biyu nesa da jikina.

"Mi ac cikin ledag ga?"

Na ce, "Saƙon surukina ne."

"Buɗe mu gani."

Na matso na faɗa masa a hankali. Ya ce bai ji ba, in ɗaga murya, ai ba sata na yi ba. Na ɗaga murya na faɗa, da Hausar Kano, yadda babu mai neman fassara. Ya ja da baya taku biyu, ya ce Allah shi ba shi lahiya, ya ɗaga wa direba hannu. Daga nan har Bodinga na samu wurin zama irin wanda ban taɓa samu ba a ƙasar Sakkwato, don na dama da na hagu duk sun matsa. Da za mu sauka wata dattijuwa ta dafa kujerata ta ce, "Yaro, ɗiyar da ka aura ta yi dace." A shekara shida na aure wannan ne yabo mafi girma da na samu daga wajen mutanensu.

Kafin azahar sakamako ya fito. Akwai ƙwayar cutar.

Ranar Sakkwato aka ce kada ya ci komai tun safe. Ya ce wannan ba wuya, shekara uku yana koyo. Suka shiga da shi, suka zura masa siririn bututu mai kyamara ta baki, ni ina waje ina karanta duk abin da na iya. Da ya fito ya huta, likitan, wani dattijo mai furfura, ya kira mu ya juyo mana da hoton. Ya nuna wani rami fari mai jan baki, a daidai inda ciki ke haɗuwa da hanji. Ya ce gyambo ne, shi ya zubar da jinin, amma ya tsaya, kuma bai ga alamar wani mugun abu ba.

Baba ya matso da fuskarsa har ta kusa taɓa gilashin. Ya daɗe yana dubawa.

"Likita, dut kun duba? Ba ku ga komi ba? Allura, ko gashi, ko wani ƙulli?"

Likitan bai yi mamaki ba, da alama ya saba da tambayar. Ya ce, "Alhaji, lungu-lungu na bi. Gyambo na gani. Ƙwayar cutar nan yawanci tun ana yara take shiga, ta ruwa ko ta abinci, ta zauna shekara da shekaru ba a sani ba. Sai ta samu mai taya ta. Yaushe ka fara shan haɗin gwiwar nan?"

Baba ya ƙirga da yatsu, ya tsaya a na uku. Ya ce da damina ce, shekarar da aka yi sunan jikan Ladan.

Likitan ya rubuta sabon maganin, safe da yamma, tare da masu kashe ƙwayar cutar na kwana goma sha huɗu, don sun fi cin ta in tsamin ciki ya kwanta. Bayan nan a ci gaba da sabon shi kaɗai na wasu makonni, a ƙara da maganin jini, daga baya a huta da shi a sake gwaji. Haɗin kasuwa kuma an rabu ke nan, za a nema wa gwiwa wani abu. Kwalin da na ɗauko daga Kano ya shiga cikin lissafin, amma ban nuna farin cikina ba. Muna miƙewa likitan ya ƙara da cewa, "In akwai wanda kuka taso tare, kuna ci a kwano ɗaya, yana irin wannan ciwon, shi ma a kawo shi."

Daga Sakkwato har Dandin Mahe Baba taga kawai yake kallo. Ko a Sifawa, da motar ta amsa amin, leɓensa kawai na ga ya motsa.

Kwana uku da fara magani Inna ta sanar da ni ta bayan zana cewa ya cinye malmalar tuwo ya nemi ƙari. Shi kuwa ƙorafinsa ɗaya, bakinsa na ɗaci, ya ce da ganin haka mutanen Japan ba su san daɗin abinci ba. Na ce ɗacin daga ɗaya maganin ne. Ya ce duk tare suka zo.

Ana gobe zan tafi, bayan la'asar, ya sa babbar riga ya tsaya a ƙofar ɗakina.

"Malam, taho ka raka ni."

Na ɗauka tafiya ce mai nisa, har na sa takalmi sau-ciki. Taku goma sha biyu muka yi, muka yi sallama a zauren da ke jikin namu. Baffa Ladan na zaune a kan buzu, ɗan siriri, idanunsa sun yi hazo da yana. Da ya ji muryar da ta yi sallama sai ya daina jan carbi. Hannunsa na dama a dafe yake a ƙasan ƙirji.

Suka gaisa. Gajiya, gida, iyali, shanu, rana. Ba wanda ya tambayi wani ina ya shiga shekara uku. Da gaisuwa ta ƙare Baba ya nuna ni da haɓa.

"Wanga mijin Hadiza na. Malamin makaranta na. Shina da bayani."

Ban taɓa shiga aji ba shiri ba sai ranar. Na yi bayanin ƙwayar cuta, da ruwan rijiya, da kwano ɗaya, da haɗin kasuwa, da hoton da muka gani. Na ce likita ya bi lungu-lungu bai ga komai ba sai gyambo. Da na zo nan Baba ya sunkuyar da kai yana gyara bakin rigarsa. Baffa Ladan ya saurara har ƙarshe.

Sannan ya ce, "Ni shekara huɗu ke nan."

Ya juya wajen Baba ya ci gaba.

"Tun naman layyar da ka aiko man, Yaya. Ran nan cikina yam murɗa. Tun daga nan dut abin da anka kawo daga gidanka, almuru na yi a gina rami a binne."

Baba ya ɗago. "Har cinyar ragon bara?"

"Har ita."

"Ragon da nik kiwata wata bakwai?"

"Shi."

Na zuba ido a ƙasa ina jiran abin da zai biyo baya. Sai na ji wani sauti, na ɗauka tari ne. Baffa Ladan ne yake kuka, ya rufe fuska da hannun riga, kafaɗunsa na girgiza. Baba ya juya yana kallon bango, ya daɗe a haka. Ba wanda ya ce yafe mini, ba wanda ya ce na yafe. Da Baffa ya share fuska sai ya ce ko Yaya zai ɗan ɗiba masa maganin nan ya gwada.

Baba ya ce, "A'a. Sai an yi gwaji. Kana sha ka ɓata musu aiki." Ya ɗan kalle ni ta gefen ido. "Gobe ka shirya, Bodinga za mu."

Da safe mota ɗaya muka shiga mu uku. Su biyu suka matse a gaba kusa da direba, ni da jakata a baya. Tun daga Shagari suke musu a kan wanda ya fara faɗawa rijiyar gidansu suna yara, kowa ya ce ɗayan ne, har direba ya nemi ya raba su suka haɗu suka ce ya kula da tuƙinsa. A tashar Bodinga na durƙusa na yi musu sallama. Baba ya sa mini albarka, ya ce in gaya wa Hadiza ta haihu, ya cika alkawari.

Na shiga bas ta Sakkwato na samu gefen taga. Kafin ta cika na hango su a bakin titi suna jiran wata tirela ta wuce. Baffa Ladan ya sa ƙafa zai tsallaka bai ga keken da ke tahowa ba, Baba ya cafke wuyan hannunsa ya dawo da shi. Bai sake shi ba. Haka suka tsallaka, yana riƙe da shi yana yi masa faɗa, har suka shige ƙofar asibitin.